Ciki na murɗa, gaɓoɓi na ciwo: taifot ne, sanyi ne, ko maganin da muke sha?

Daga ƙarshen damina zuwa shigowar hunturu, da wuya ka zauna a majalisar mai shayi ko gidan suna a Garwa ta arewacin Kamaru ka tashi ba ka ji wani yana kukan cewa cikinsa na murɗa, gwiwoyi da kwankwaso kuma kamar an kwana ana dukansa ba. Kafin ya rufe baki an raɗa wa cutar suna. Wannan ya ce taifot ne ya haɗu da palu, wato zazzaɓin cizon sauro. Wancan ya ce sanyi ne ya shiga ƙashi. Wata dattijuwa ta ce dattin ciki ne, a jiƙa masa kanwa. Kowa da maganin da ya taɓa yi wa wani nasa aiki.

To me ya haɗa ciki da gaɓa har su riƙa ciwo lokaci guda? Cuta ɗaya ce ko biyu? Wane ciwo ne za a iya lallaɓawa a gida, wanne ne kwana da shi ganganci ne? Na daɗe ina son yin wannan bayani, domin na ga abin da saurin raɗa wa cuta suna ya jawo a cikin danginmu, kuma na san ba mu kaɗai ba ne.

## Ciki faɗi gare shi, ciwon gaɓa ma iri-iri ne

Idan Bahaushe ya ce "cikina", yana iya nufin ko'ina daga ƙahon zuci zuwa mara. Shi kuwa likita wurin yake fara tambaya, don kowane sashe da abin da ke zaune a cikinsa. A ƙahon zuci tumbi yake. Ta dama, ƙarƙashin haƙarƙari, hanta ce da matsarmama, ta hagu kuma saifa. Kewayen cibiya hanji ne. A mara akwai mafitsara, ga mace kuma da mahaifa da bututun ƙwai. Ƙoda biyu suna can baya ta kuiɓi. Ciwon da ke ci kamar wuta a ƙahon zuci dabam, murɗar da ke zuwa ta tafi kafin gudawa dabam.

Haka gaɓa take. Akwai wadda ke ciwo kawai, ka duba ba ka ga komai ba. Akwai wadda ta kumbura, ka ɗora hannu ka ji zafi, ta ƙi lanƙwasuwa. Akwai ciwon ƙashi can ciki, akwai tsamin nama irin na zazzaɓi. Mu duk mun tattara su mun ce sanyi ko amosani. Kuma da wannan kalma ta sanyi muke kiran ciwon mara da ƙaiƙayin gaba na mata. Suna ɗaya, cututtuka barkatai.

Ciki da gaɓa kan haɗu ta hanyoyi kaɗan. Wani lokaci cuta ɗaya ce ta bi jini ta game jiki, ta taɓa nan ta taɓa can. Wani lokaci cutar hanji ce ta tsokano garkuwar jiki, garkuwar ta ruɗe ta afka wa gaɓoɓi. Wani lokaci kuma ciwon gaɓa ne ya fara zuwa shi kaɗai, maganin da aka sha dominsa ya ci tumbi. Ana kuma samun mutum da cuta biyu da babu ruwan ɗaya da ɗaya. Shi ya sa tambayar da ta fi kowace amfani ita ce: wanne ya riga wani, kuma me aka sha a tsakani?

## Idan gaɓa ce ta fara, a duba ledar magani

Da wannan zan fara, don a ganina shi ya fi yawa a cikinmu, shi ne kuma aka fi mantawa da shi.

Ɗan ƙanwar mahaifiyata ɗan acaba ne, tun asuba yake kan babur har bayan isha'i. Gwiwa da gadon baya suka fara damunsa. Kullum da safe, kafin ya sa komai a ciki, sai ya tsaya wurin mai kwalin magani a ƙulla masa haɗi, ƙwaya huɗu launi dabam-dabam, ya kora da shayi. Bayan 'yan watanni ƙahon zucinsa ya fara ci. Aka ce taifot ne. Sau uku yana yin gwaji a wani ƙaramin ɗakin gwaji, sau uku ana rubuta masa maganin taifot, haɗin safe kuma bai fasa ba. Ranar da jiri ya kayar da shi a tsakar gida ne matarsa ta gaya wa mahaifiyata cewa kwana uku ke nan bayan gidansa baƙi ƙirin yake fita, kamar kwalta.

A asibiti likita ya tambaye shi, "Malam, me kake sha na ciwon jiki?"

Ya ce, "Ba komai, likita."

Na ce, "Haɗin da kake sha da safe fa?"

Ya ce, "Haba Yaya, ai wannan na gajiya ne, ba magani ba ne."

Na zazzage ledar da ke aljihun rigarsa a kan tebur. Likita ya ware ƙwayoyin da bakin biro, ya nuna mana diklofenak, ya nuna ibuprofen, ya nuna wata 'yar ƙarama ya ce deksametazon ce. Sai da aka yi masa ƙarin jini.

Diklofenak, ibuprofen, aspirin, piroksikam da danginsu suna rage zafi da kumburi ta hanyar toshe wani sinadari da jiki ke samarwa. Sai dai wannan sinadarin shi ne kuma ke sa tumbi ya shafe bangonsa da majina mai kauri, wadda ke hana ruwan tsamin da ke narkar da abinci cin naman tumbin. In an toshe shi kullum, bango ya zama tsirara, sai ƙwannafi, sai gyambo, sai zubar jini. Jinin da ya bi hanji ya narke shi ke fita baƙi. Haɗa iri biyu a lokaci ɗaya, ko ƙara deksametazon a kai, ko sha babu abinci a ciki, duk ƙara wa wutar itace ne. Ƙoda ma ba ta tsira ba, musamman a zafin Maris da Afrilu, lokacin da ma'auni ke haura 40 a Garwa da Marwa da Injamena, ga gumi, ga ƙarancin shan ruwa, wani lokaci ga azumi.

Ba kowace olsa ce ta magani ba. Akwai wata ƙwayar cuta mai suna Helicobacter pylori da ke zama a tumbin mutane da yawa tun suna yara. Wasu likitoci biyu 'yan Ostireliya, Barry Marshall da Robin Warren, su suka gano alaƙarta da gyambon ciki a farkon shekarun 1980, har aka ba su kyautar Nobel a 2005. Ana gano ta ta gwajin bayan gida, ana kashe ta da haɗin magunguna na kwana 10 zuwa 14. Mai ɗauke da ita in ya ɗora diklofenak a kai, tumbinsa ya shiga tsakanin wuta biyu.

Ita kuma kanwa, gaskiya ne tana kwantar da ƙwannafi na ɗan lokaci, domin tana kashe kaifin tsami. Amma ba ta warkar da gyambo, kuma gishirin da ke cikinta na ɗaga hawan jini. Mai ciwon zuciya ko na ƙoda ko mai jego da ƙafafunta suka kumbura, jiƙon kanwa kullum cutarwa ne gare su.

## Idan da zazzaɓi suka zo

Palu shi ne na farko da ya kamata a bincika a yankinmu, musamman daga Yuli zuwa Oktoba. Yana kawo zazzaɓi da rawar sanyi, ciwon kai, tsamin gaɓoɓi, amai, ga yara kuma sau da yawa har da ciwon ciki da gudawa. Gaɓa ba ta kumbura a palu, tsami kawai take yi. Gwajinsa digon jini ne daga yatsa, cikin minti 15 zuwa 20 an san amsa. In gwaji ya nuna babu, kada a ce ai dole shi ne, a ci gaba da neman abin da ke akwai.

Taifot cuta ce ta gaske, kuma tana kisa. Ta ruwa da abincin da najasa ta taɓa take shiga, don haka takan ƙaru bayan ambaliya irin wadda ta mamaye Yagwa da Kuseri da sassan Injamena a 2024, lokacin da masai da rijiya suka zama ɗaya. Zazzaɓinta hawa yake yi kullum fiye da na jiya har ya wuce mako, da ciwon kai, da kasala, da ciwon ciki, wani ya yi gudawa wani bayan gida ya ɗaure masa. In aka bar ta, wajen mako na uku tana iya huda hanji, daga nan sai tiyata.

Matsalar ita ce yadda muke gano ta. Gwajin Widal da kusan kowane ɗakin gwaji ke yi, wani likita Bafaranshe ne ya ƙirƙiro shi tun 1896. Ba ƙwayar cutar yake gani ba, sawun da ta bari a jini yake gani. Wanda ya yi taifot shekarun baya, ko wanda ke fama da palu a yanzu, gwajin na iya nuna yana da ita alhali babu. Gwajin da ya fi tabbas shi ne a ɗebi jini a raini ƙwayar cutar a ɗakin gwaji na 'yan kwanaki, wannan kuwa sai manyan wurare. Don haka mutumin da ba shi da zazzaɓi, wata shida yana ciwon ciki, ana ce masa "taifot ɗinka ne ya tashi", akwai alamar an bar jaki ana dukan taiki. Taifot ba ta kwanciya ta riƙa tashi duk wata kamar basir.

Akwai kuma zazzaɓi biyu da sauron rana ke kawowa, wannan mai ɗigon fari a ƙafa da ke ƙyanƙyasa a randa da tsofaffin tayoyi. Ɗaya shi ne cikungunya. Sunan daga harshen Makonde na Tanzaniya ya fito, ma'anarsa abin da ke tanƙware mutum, don ciwon gaɓarsa kan sa babba ya yi tafiya a duƙe. A 2020 ya ɓarke a Abeshe da Biltin a gabashin Cadi, sama da mutum 27,000 suka kamu cikin 'yan makonni. Zazzaɓin kan wuce cikin mako, amma ciwon wuyan hannu da yatsu da idon sawu na iya ɗaukar watanni. Ɗayan shi ne dengi, wanda hukumomin Cadi suka sanar da ɓarkewarsa a Abeshe a Agustan 2023. A dengi, ciwon ciki mai tsanani da amai ba ƙaƙƙautawa a daidai lokacin da zazzaɓi ke sauka alama ce ta haɗari. Aspirin da ibuprofen da diklofenak kuma suna iya sa mai dengi zubar jini. Wannan ɗaya ne daga dalilan da suka sa mai zazzaɓin da ba a san kansa ba ya kamata ya tsaya kan farasitamol.

## Ɗanyen nono da ciwon hanta

Mu maƙwabtan makiyaya ne, nono abincinmu ne. Makiyaya sun san wata cuta da suke kira bakkale: saniya ta yi ɓari, gwiwarta ta tara ruwa. Cutar tana shiga mutum ta madarar da ba a tafasa ba, ko ta hannun wanda ya taimaki dabba wajen haihuwa, ko mahaucin da ke da rauni a hannu. A jikin mutum zazzaɓi take kawowa mai zuwa da yamma ya tafi da safe, da gumin dare har ya jiƙa shimfiɗa, da ciwon kwankwaso da gwiwa, da nauyi a ciki saboda hanta da saifa sun kumbura, wasu maza har da kumburin maraina. Mutum na iya yin watanni yana shan maganin palu da na taifot a banza. Maganinta haɗin ƙwayoyi biyu ne na aƙalla mako 6, in an yanke a hanya ta dawo. Nonon da aka tafasa madararsa kafin a ɗaura ba shi da laifi. Tsami kaɗai kuwa ba ya isa ya kashe cutar. Duk wanda ke kiwo ko fawa ko shan madara daga hantsa, ya faɗa wa likita haka da bakinsa, don ba kowane likita zai tuna ya tambaya ba.

Ciwon hanta nau'in B yana da yawa a arewacin Kamaru da Cadi. Abin da mutane ba su sani ba shi ne, kafin ido ya yi rawaya a ce shawara ce, yakan fara da ciwon gaɓoɓi, kasala, ƙin abinci da nauyi ta dama ƙarƙashin haƙarƙari, fitsari kuma ya yi duhu kamar shayi. Yana wucewa daga uwa zuwa jariri, ta jima'i, ta allura da aska. A nan ina roƙon masu kai gwiwa a yi musu tsaga ko ƙaho: askar da ta taɓa jinin wani, goge ta da tsumma ba ya tsarkake ta. Tun 2005 rigakafin wannan cuta ke cikin alluran jarirai a Kamaru, amma waɗanda aka haifa kafin nan sai sun nemi gwaji da kansu. Nau'in E kuwa ta gurɓataccen ruwa yake zuwa, shi ne ya addabi garin Am Timan na Cadi a 2016 da 2017, kuma mata masu ciki ya fi yi wa illa.

## Sikila, wadda ake ce wa sanyin ƙashi ko aikin iska

Yaron da tun yana rarrafe bayan hannunsa da ƙafarsa ke kumbura yana tsala ihu, wanda idonsa ke yin rawaya-rawaya, wanda duk hunturu ko bayan dukan ruwan sama sai ya kwanta yana riƙe ciki da ƙafafu, a yi masa gwajin sikila kafin a ce komai. Na san gidajen da suka yi shekaru suna turare da rubutu, suna zargin kishiya, alhali amsar tana cikin digon jini.

Ƙwayoyin jinin mai lafiya zagaye suke, masu laushi, suna rayuwa kamar kwana 120. Na mai sikila kan lanƙwashe kamar lauje su yi tauri, su mutu cikin kwana 10 zuwa 20. In suka cushe a ƙananan hanyoyin jini, duk wurin da jini bai kai ba sai ya ɗauki ciwo: ƙashi, gaɓa, ƙirji, hanji, saifa. Shi ya sa ciki da gaɓa ke tashi tare. Sanyi, ƙishirwa, zazzaɓi da wahala su ne ke tayar da shi. Ga ƙananan yara, jini na iya taruwa a saifa farat ɗaya, ciki ya kumbura ta hagu, tafin hannu da leɓe su yi fari fat. Wannan ba ya jiran wayewar gari. Manyan masu sikila kuma sukan yi tsakuwa a matsarmama, kan ƙashin cinya kuma ya lalace har su riƙa ɗingishi.

Gado ne daga uwa da uba duka, ba daga uwa kaɗai ba kamar yadda dangin miji kan ce. In iyaye biyu masu AS ne, wato suna ɗauke da gadon ba tare da ciwon ba, kowane ciki yana da kaso ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS, wato sikila. Lissafin a kan kowane ciki yake, ba wai in an haifi huɗu ɗaya ne kawai zai kamu ba, ana iya samun uku a jere, ana iya rasa ko ɗaya. Masu sikila suna girma, suna karatu, suna aure, muddin ana kula: ruwa da yawa, rigar sanyi, gidan sauro, ƙwayar folik asid, rigakafi, ga masu yawan kwanciya kuma akwai maganin hidroksiyuriya da likita ke bayarwa yana bibiyar jini. Duk zazzaɓin da ya kama yaro mai sikila na asibiti ne a ranar.

## Lokacin da garkuwar jiki ta juya wa mai ita

Wani zai yi atini ko gudawa mai tsanani, ya warke, bayan mako ɗaya zuwa huɗu gwiwa ko idon sawu ya kumbura, ido ya yi ja, fitsari ya riƙa zafi. Ba sabuwar cuta ba ce, garkuwar da ta yaƙi ƙwayar cutar hanji ce ba ta tsaya ba. Cututtukan da ake ɗauka ta jima'i ma kan yi haka, ciwon sanyi na maza da mata yana iya bin jini ya sauka a gaɓa. Macen da ke ciwon mara da fitar ruwa mai wari da ciwon gaɓa, ita da maigidanta ya kamata a duba, in ba haka ba ta warke ya sake ba ta.

Ga yara 'yan shekara 5 zuwa 15 akwai wanda ya fi ba ni tsoro. Yaro ya yi ciwon maƙogwaro, bayan mako biyu ko uku ciwo ya fara yawo, yau gwiwa, jibi gwiwar hannu, da zazzaɓi, wani lokaci da ciwon ciki. Gaɓoɓin za su warke sumul, amma cutar na iya lalata ƙofofin zuciya, sai ya girma a gan shi yana haki. Allurar fenisilin duk mako uku ko huɗu, na tsawon shekaru, ita ke kare zuciyar. Akwai kuma wata da ke fito wa yara da jajayen ɗige-ɗige a ƙafafu da ɗuwawu, waɗanda ba sa ɓacewa in an danna, tare da murɗar ciki da kumburin idon sawu. Yawanci takan tafi da kanta, amma sai an riƙa duba fitsari saboda ƙoda.

Sauran ba su kai waɗannan yawa ba, amma suna nan. Cutar lufus ta fi kama mata masu shekarun haihuwa, da zubar gashi da gyambon baki da ƙuraje a fuska. Gawut ta fi son maza masu yawan cin nama da kayan ciki ko shan barasa, takan tashe su tsakar dare da babban yatsan ƙafa kamar an ɗora garwashi, tana kuma haifar da tsakuwar ƙoda. Tarin fuka ba a huhu kaɗai yake zama ba, yana kama ciki da ƙashin baya, da rama da gumin dare. Gubar dalma, irin wadda ta kashe ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010, tana kawo murɗar ciki da ɗaurewar bayan gida da ciwon gaɓa, don haka masu fasa tsofaffin batura da masu niƙa dutsen zinariya su lura. Masunta da manoman shinkafa na Lagdo da Maga kuma kada su manta da tsargiya, akwai nau'inta da ke zama a hanji da hanta.

## Me ya sa mai kwali ke riga likita ganin majinyaci

Masu ganin laifin mutane suna cewa jahilci ne. Ban yarda da wannan duka ba. Ɗan acaba da ke ciyar da mutum bakwai, in ya kwana biyu a layin asibiti, wa zai kawo cefane? Mai kwali yana bakin titi, ya san sunanka, yana ba da bashi, kuma ƙwayarsa tana kashe zafi cikin awa ɗaya. Asibiti kuwa sai ka sayi karne, wato littafin asibiti, ka biya ganin likita, ka biya gwaji, sannan a miƙo maka takardar magani. Wanda ke ƙauyen Mayo-Rey ko bakin Tafkin Cadi, kuɗin mota ma kaɗai ya isa ya hana shi. Ma'aikatan lafiya su ma suna da nasu: akwai wuraren da duk mai ciwon ciki Widal za a yi masa, a rubuta masa maganin ƙwayoyin cuta, ba a taɓa cikinsa da hannu ba. Wannan yawan shan magani ba bisa ƙa'ida ba shi ke sa ƙwayoyin cuta su saba, ranar da taifot na gaske ya zo maganin ya ƙi ci.

Duk da haka akwai sauƙin da wasu ba su san da shi ba. A Kamaru maganin palu kyauta ne a asibitocin gwamnati ga yara 'yan ƙasa da shekara 5. A jihohin arewa uku akwai cekin lafiya na sefa 6,000 da ke ɗauke wa mai ciki awo da haihuwa. Kuma in aka yi lissafi, kuɗin gwajin jini ɗaya bai kama ƙafar kuɗin ƙarin jini da kwanciya ba.

Masu maganin gargajiya da malamai, ba na raina su, addu'a kuwa ba ta hana gwaji. Abin da nake tsoro shi ne garin da ake sayarwa a ƙulli da sunan maganin sanyin ƙashi, wanda ba ka san me aka daka a ciki ba. Wanda ya sha ya ji garau cikin kwana biyu, bayan wata biyu fuskarsa ta kumbura, cikinsa ya fara ci, to ya yi zargin an cakuɗa masa maganin bature a ciki.

## Abin da za a yi a gida, da wanda ba ya jira

In ciwon mai sauƙi ne, mutum na ci yana sha yana tafiya, ana iya ba shi kwana biyu. A dakatar da haɗi da duk dangin diklofenak. A sha farasitamol, babba ƙwaya biyu masu miligiram 500 duk bayan awa shida, kada a wuce takwas a yini da dare, mai ciwon hanta kuma sai ya tambayi likita tukuna. A sha ruwa mai tsabta da yawa. In da gudawa, a haɗa ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya ta ruwa, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Abinci mai laushi kaɗan-kaɗan, kunu, fate, dafaffiyar shinkafa, a rage yaji da shayi mai kauri. Gaɓar da ke tsami a gasa ta da tsumma mai ɗumi. In da zazzaɓi, a yi gwajin palu a ranar. Wanda ya daɗe yana shan deksametazon ko firednisolon kullum, shi kada ya yanke farat ɗaya, likita ne zai riƙa rage masa.

Amma akwai alamun da ko tsakar dare ne sai a nemi abin hawa. Ciki ya yi tauri kamar allo, mutum ba ya son a taɓa shi ko motsi. Aman jini, ko bayan gida baƙi ko mai jini. Ciwon da ya fara a cibiya ya gangara ƙasa ta dama, wanda ke iya zama afendis. Gaɓa ɗaya ta kumbura ta yi zafi da zazzaɓi, domin mugunya na iya cinye gaɓa cikin 'yan kwanaki. Ido ya yi rawaya, ko fitsari ya ɗauke, ko mutum ya fara sambatu. Macen da ta yi ɓatan wata, mara ta riƙe ta ta gefe ɗaya, da jiri, wani lokaci har da ciwon kafaɗa, tana iya zama ciki ne a wajen mahaifa ya fashe, minti ma yana da daraja a nan. Tsoho, mai ciki, jariri, mai sikila da mai ciwon suga, su ba a yi musu jiran kwana biyun nan.

In za a tafi, a tafi da labarin a jere: ranar da ya fara, wanne ya riga, a ina daidai yake ciwo, ko an yi gudawa ko ciwon maƙogwaro a makonnin baya, sana'ar mutum, ruwan da yake sha, ko akwai mai sikila a dangi. Mace ta faɗi ranar da ta ga al'adarta ta ƙarshe. A ɗauki tsohon karne da takardun gwajin baya, kada a buɗe sabo kamar yau aka fara. A kuma tattara duk abin da aka sha a zuba a leda ɗaya a kai wa likita ya gani da idonsa, har da ɓawon ƙwayoyin da suka ƙare, da ƙullin gari, da jiƙon da ke cikin gora.